Nonon Warda

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga ƙanena Adnan, Abu Ziyad, a birnin Sidni.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da begen ganinka, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka Suhaila da 'yan matanku biyu. Allah ya yaye maka ciwon bayan da kake fama da shi, ya sa albarka a sana'arka, ya tsare ku daga sharrin baƙunta. Mu nan sai godiya. Gwiwoyina suna nan yadda ka bar su, sai dai yanzu su ke sanar da ni za a yi ruwa tun kafin mai rediyo ya buɗe baki. An gama tsinkar zaitun, itatuwan gangare sun yi 'ya'ya sosai bana, na kan dutse kuwa sun yi rowa kamar yadda suka saba. Matar Fawwaz ɗan kawunmu ta sauka lafiya, namiji, mai manyan kunnuwa irin na gidanmu. Abu Sam'an mai aski ya rasu a farkon kaka, mun je mun zauna da matarsa kwana uku.

Na san labari ya iso ka, na kuma san bakin da ya kai maka shi, domin Fawwaz ba ya barin magana ta kwana, kuma kullum yakan tura ta ba kai ba ƙafa. Sau uku ka kira ni a waya, sau ukun kai ne mai magana, ni kuwa ina riƙe da wayar nesa da kunne ina jiran ka numfasa. Ka ce a kai mai fim ƙara, ka ce Warda ta yi wa ɗanka Ziyad ƙazafi, ka ce za ka mayar da tikitinka tunda babu biki. Shi ya sa na ɗauko alƙalami. Takarda ba a katse ta. Ka sa Suhaila ta dafa maka gahawa, ka zauna, ka karanta har ƙarshe kafin ka ɗaga murya.

Mai fim ɗin sunanta Darin, jikar Abu Ilyas mai gidan burodi ce, wadda uwarta ta tafi da ita Faransa tun tana goye. Da bazara ta zo da kyamara da wasu dogayen maza biyu masu ɗaukar mata kaya. Ta ce ta ji a duk kwarin nan garinmu ne kaɗai ba a ƙona masallaci ko coci ba a shekarun yaƙi, tana so ta ji yadda aka yi. Maza suka ɗauka su za a tambaya. Dagaci ya yi kwana uku cikin kwat ɗinsa na zuwa ɗaurin aure, yana zaune a ƙofar shago yana gyaran gashin baki. Yarinyar ta gaishe shi da ladabi, ta wuce ta shiga madafar matarsa. Haka ta bi gida gida, unguwar sama tamu da unguwar ƙasa ta Kirista, tana sa tsofaffin mata magana suna tsince waken adas. Ni ma ta zo wurina. Na ba ta labarin yadda muka raba ranakun ɗibar ruwa a marmaro, da yadda buhun gari ke ƙetare hanya a ƙarƙashin itacen wuta. Sauran na riƙe shi a bayan haƙorana, inda ya yi shekara ashirin da uku.

Ranar Juma'a bayan la'asar aka nuna majigin, a babban ɗakin gidan matsar man zaitun, aka toshe tagogi da barguna. Mazanmu a dama, nasu a hagu, kamar kullum, mu mata a baya a cakuɗe, don mu ba mu taɓa iya wannan rabon ba. Ziyad yana can gaba da abokansa, Nisrin tana kusa da ni, saura wata biyu a ɗaura musu aure. An sha dariya da fari. Kowace ta ga fuskarta cike da bango sai ta ce wallahi kyamarar ce ta ƙara mata hanci. Can sai ga Warda ta unguwar ƙasa, Umm Tanyus, zaune a ƙofar ɗakinta tana murmushi. Darin ta tambaye ta abin da ta yi a shekarar da aka rufe hanya. Ta ce ita ba ta yi komai ba, Allah dai ya ba ta nono mai yawa a lokacin da ta haifi Tanyus. Sannan ta ce, “Jarirai biyu na shayar daga unguwar sama, namiji da mace. Na yi rantsuwa ba zan faɗi suna ba, kuma ba zan faɗa ba. Amma ku dubi ikon Allah, su biyun ne za su yi aure bayan zaitun. Ni ce uwar ango, ni ce uwar amarya.”

Hagu ta ɗauki tafi, Adnan, har da guɗa. Dama kuwa ko tari babu wanda ya yi. Aure ɗaya ne kaɗai aka sa bayan zaitun a garin nan. Na ji hannun Nisrin ya yi sanyi a cikin nawa. Warda tana can gefe tana share hawayen farin ciki, tana waige-waige ta ga wa zai zo ya rungume ta. Baiwar Allah ba ta san cewa a wurinmu waɗanda suka sha nono ɗaya wa da ƙanwa ba ne. A cocinsu ba a taɓa gaya mata haka ba, mu kuma da za mu gaya mata mu ne muka rufe mata baki da rantsuwa.

To, yanzu ga abin da ban taɓa gaya maka ba. Ka tuna hunturun da aka harbe yayanmu Walid a kan gada, ka tsaya a tsakar gida ka rantse cewa duk wanda ya ƙetare hanyar coci daga gidan nan ba namu ba ne. Bayan wata ɗaya matarka Samira ta haifi Ziyad, kwana tara Allah ya karɓi abarsa. Ka kawo akuya ka ɗaure, ka koma wurin masu gadin hanya. Shekara ashirin da uku kana yi wa akuyar nan addu'a, kana cewa taurin kan yaron daga nononta ya samo shi. Akuyar ba ta da laifi kuma ba ta da lada. Duk abin da na ɗura masa nata sai ya amayar, har ya daina kuka, sai buɗe baki kawai yake yi kamar ɗan tsuntsu. Ranar da na ga maɗigarsa ta faɗa, na sa shi a kwandon wanki, na rufe da zannuwa, na sauka marmaro da hantsi. Warda tana can ita kaɗai tana wanki. Na dai ɗaga zanen. Ta dube shi, ta dube ni, ta share hannunta a jikin riga ta ce, “Miƙo shi mana, kin tsaya kina kallona kamar ba ki taɓa ganin Kirista ba.” A bayan ɓauren nan na bakin marmaro ta shayar da shi, ranar da kowace rana bayanta, har dusar ƙanƙara ta narke, wata uku da 'yan kwanaki. Na sa ta rantse da Nana Maryamu ba za ta faɗa ba, don na san halinka a lokacin. Rantsuwarka kuwa ni na karya ta, na yi azumin kwana uku a madadinka tun a shekarar, ko ya karɓu ko bai karɓu ba Allah ne masani.

Abin da ban sani ba shi ne ba ni kaɗai ce mai wayo a unguwar sama ba. Uwar Nisrin ta kwanta zazzaɓi a wannan hunturun, nononta ya ƙafe, sai kakar yarinyar, Hajiya Badi'a, ta riƙa kai ta ta ƙofar bayan gidan Warda da yamma. Ita ma ta sa ta rantsuwa. Ni da safe, ita da yamma, kowace tana ɓoye wa maza, tana kuma ɓoye wa 'yar'uwarta. Ni ce na fi kowa rawa ranar baikon yaran nan, Hajiya tana tafa mini.

Kafin a cire barguna daga tagogi gari ya ɗauki zafi. Hassun, uban Nisrin, ya miƙe ya ce ƙarya ce, 'yarsa ba ta taɓa shan nonon kowa ba sai na uwarta, Kirista ne ke baƙin cikin haɗuwar manyan gidajen Musulmi biyu. Wani daga hagu ya ce ashe haka ake saka wa wanda ya raya maka ɗa. Washegari samarinmu suka jefi tagar Warda suka fasa. Tanyus da abokansa suka gindaya tarakta a hanyar gidan matsar mai, suka ce zaitun ɗin unguwar sama ba zai wuce ba sai an zo an ba uwarsa haƙuri. Ka san zaitun ba ya jira a buhu. Yaran da ba a haife su ba lokacin yaƙi na ji suna ambaton gada da sunan Walid, kamar da su aka yi. Na ga wasu tsofaffi suna hawa rufin ɗaki suna saukowa, ban tambaye su abin da suke dubawa ba, don na san inda aka ɓoye bindigogi.

Shehi Abdul Ghani ya yi abin da ya iya. Ya ce shi ba zai raba aure a kan maganar mace ɗaya da aka ji a majigi ba. Zai zauna ranar Litinin bayan azahar a farfajiyar masallaci, duk wanda ya gani da idonsa ya zo ya faɗa. In ba wanda ya zo, zai ɗaura aure ranar da aka sa. Ka ga inda maganar ta faɗo ke nan. Duk garin yana hayaniya, amma abin yana cikin bakina.

Ranar Asabar Ziyad ya shigo madafa ina yanka albasar dafa-dukan mujaddara. Ya daɗe a tsaye a bayana, ɗan da na yi wa wanka, na kai makaranta, na zauna a kansa lokacin ƙyanda. Sannan ya ce, “Gwaggo, akuya ce ko? Ki ce mini akuya ce, ba zan sake tambaya ba.” Na ce masa ya miƙo mini gishiri. Ya miƙo, ya fita. Ban taɓa jin na tsufa ba sai ranar.

Lahadi bayan an tashi daga coci sai ga Warda a ƙofata, ta ratso ta gaban samarin da suka fasa mata taga, da gyalenta na zuwa coci. Ta zauna ba a ce ta zauna ba, ta ce addininmu ya cika wuya, nono ma sai an kai shi gaban alƙali. Na ce nata ne mai sauƙi, su da ke yin azumin kwana hamsin suna kallon nama suna haɗiyar yawu. Muka ɗan yi dariya, sai ta fashe da kuka. Ta ce da ta sani da ta haɗiye harshenta. Ta ce ta yanke shawara, gobe za ta je gaban Shehi ta ce ƙarya ta yi, kyamara ce ta ruɗe ta, ta so ta yi suna a Faransa. Ni dai in yi shiru, Hajiya ta yi shiru, yara su yi aurensu. Na ce mata har ta mutu za a riƙa kiranta maƙaryaciya a unguwar sama, jikokinta ma za su gaji sunan. Ta ce ta ji, ai ba a unguwar sama za a binne ta ba.

Ina so ka tsaya a nan ka yi tunani, Abu Ziyad. Matar da ka ce ta yi wa ɗanka ƙazafi ke nan. Kuma ba zan ɓoye maka ba, na so in karɓa. Na yi yinin nan ina juya abin, ina gaya wa kaina cewa Allah Mai gafara ne, jarirai ne ba su san komai ba, wa zai sani. Da la'asar na tafi wurin Hajiya Badi'a, na same ta a kan dardumarta. Ban gama sallama ba ta ce ashe ni ce mai zuwan safe. Ta ce wata uku tana tarar da nonon dama na Warda a ragwaɓe, tana zagin Tanyus a zuciyarta tana cewa ɗan Kiristan nan akwai ci. Muka yi dariya har muka yi hawaye, daga nan hawayen suka ci gaba su kaɗai. Ta ce ita ta je Makka, ƙafarta ɗaya tana kabari, ba za ta iya kallon jikarta tana shiga ɗakin wanta ba ta yi guɗa. Ni kuma na ce mata abin da ya fi tsaya mini. In muka yi shiru, duwatsun da aka jefa sun zama gaskiya, yaranmu za su tashi da labarin cewa Kirista sun ƙulla mana sharri, nasu kuma da labarin cewa mun sha nononsu mun ce ba mu sha ba. Wannan labarin ba zai ƙare a kan taga ba.

Litinin da azahar muka fita, Hajiya tana dogara sanda, ni ina dogara Hajiya. Ba masallaci muka nufa ba, muka gangara unguwar ƙasa tukuna, muka ƙwanƙwasa wa Warda, muka sa ta a tsakiya. Ba mu gayyaci kowa ba, amma ka san mata da taga. Kafin mu kai wurin taraktar mun fi talatin, masu lulluɓi da marasa lulluɓi, wasu da ƙullu a hannu. Tanyus ya ga uwarsa a tsakaninmu ya rasa abin yi, sai ya cire hula. A farfajiya Warda ta buɗe baki za ta yi ƙaryarta, na taka mata ƙafa, na riga ta. Na faɗi komai, kwandon da ɓauren da wata ukun, a gaban maza, Ziyad yana tsaye jikin ginshiƙi. Ban dube shi ba, don da na dube shi da ban ƙarasa ba. Hajiya ta faɗi nata. Hassun ya ce, “Inna, kin tozarta ni a gaban gari.” Ta ce, “Da ban tozarta ka ba, da yau wani ɗan ƙaramin kabari kake kai wa ziyara ranar Salla.” Ya zauna. Sai Shehi ya ce babu aure tsakanin Ziyad da Nisrin har abada, kuma matar nan uwa ce gare su, haƙƙinta yana kansu.

Kafin magariba taraktar ta kauce. Hassun da kansa ya sauka da gilashi a hammata, ya sa tagar, aka ce ya yanke yatsa, Warda ta ɗaure masa. Zaitun ɗin da ya kwana huɗu a buhu ya ba da mai mai ɗan ɗaci, shi za mu ci bana. Darin ta zo tana kuka ta ce za ta yanke wurin daga fim ɗin, Nisrin ta ce ta bar shi, abin da zai ɓata ya riga ya ɓata, gara a ga fuskar matar. A Beirut an ce mutane sun tashi tsaye suna tafi da aka nuna shi. Na yarda, ai ba su ne za su mayar da zoben baiko ba.

Gari ya kwanta, amma gidana bai kwanta ba, kuma wannan ne dalilin takardar. Yau kwana ashirin da shida. Ziyad bai yi mini rashin kunya ba ko sau ɗaya, na ma fi so ya yi. Yana gaishe ni da safe, ya ci abinci a tsaye, ya tafi shagonsa na gyaran injuna. Ranar nan ya gyara mini murhu tsaf, bai ce mini kome ba har ya gama. Shagon yana kallon makarantar da Nisrin ke koyarwa, kullum sai ta wuce ta gabansa sau biyu, ta rame kamar an zare mata wani abu. Masu son yin jaje kuma suna ce masa ai bai yi asara ba, ya sami ƙanwa, yanzu yana iya shiga gidansu ba sai da izini ba. Ka ji irin maganar da mutane ke yi da kyakkyawar niyya. Sau ɗaya ya sauka gidan Warda, ya tsaya a bakin ƙofa, tana roƙonsa ya shigo ya sha gahawa, ya sumbaci hannunta ya juya. Yaron nan ba zai warke a garin nan ba, Adnan. Garin ya yi masa ƙanƙanta.

Shekara nawa kana roƙona in bar shi ya zo wurinka, ni kuma ina kawo maka dalili, yau ciwo, gobe zaitun, jibi wa zai kula da gidan mahaifinmu. Duk ba su ne ba. Ba na so in tashi da safe in ga gadonsa a gyare ne kawai. To, yanzu ni ce nake roƙonka. Kada ka mayar da tikitinka. Ka zo a ranar da ka sa, ka fara neman masa takardu tun yanzu, ka tafi da ɗanka. Kada ka ce masa ni na ce, don in ya san daga gare ni ne zai ɗauka korarsa nake, in kuma ya ga ina kuka zai zauna saboda ni, ya ƙare a shagon nan yana kallon ƙofar makaranta. Ka ce bayanka ne ya matsa, kana bukatar mai taimako. Ni zan yi ta faɗa ina cewa ka raba ni da shi, kamar yadda na saba, kada ka kula ni.

Abu ɗaya kuma. In motar ta shigo gari, kada ka hau wurina tukuna. Ka tsaya a unguwar ƙasa, gida na uku bayan coci, mai sabuwar taga. Ba sai ka yi dogon jawabi ba, na san ba ka iya ba. Ka shiga ka zauna ka sha abin da ta ba ka. In ka zo mini bakinka ba ya ƙanshin gahawarta, zan sani.

Ka gaishe mini da Suhaila da kyau, ka ce mata na gode da maganin shafawa, kuma ina ba ta amanar yaro mai cin abinci a tsaye, ta zaunar da shi. Ka sumbaci Lama da Rawan, ka ce gwaggonsu tana ajiye musu ɓauren da ta shanya. Ka gai da Kawu Nazih in har yanzu yana gane mutane, da Umm Bassam da 'ya'yanta, da duk 'yan garinmu da ke haɗuwa a shagonka. Fawwaz da mai jego suna gaishe ka. Hajiya Badi'a ta ce a gaya maka ta yafe maka kazarta da ka take da babur tun kana saurayi. Allah ya kawo ka lafiya, ya sanyaya zuciyar yaran nan biyu, ya jiƙan Samira da Walid da iyayenmu.

Wassalam. Yayarka da ta goya ka, ta goya ɗanka,

Wafiƙa